Sabunta Manhajar Rumbun Bayanai Daga Tsohon Bugu Zuwa Sabo

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen kowane wata dubban ma'aikata kan zuba ido ga shigar albashinsu, haka nan ɗalibai kan saurari fitowar sakamakon jarrabawa a ƙarshen zangon karatu. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa sunan kowane mutum, da lambarsa, da matakin albashinsa ko makin da ya ci, duk suna ajiye ne a wani rumbu wanda ido ba ya gani, kuma akwai wata manhajar kwamfuta da ke tsaron wannan rumbu dare da rana. Ita wannan manhaja tana tsufa kamar yadda kowane kayan aiki ke tsufa. In ta tsufa wajibi ne a sauya ta da sabuwa, alhali kuwa bayanan da ke hannunta ba a yarda ko ɗaya ya salwanta ba, aikin ofis kuma ba a yarda ya tsaya ba. Abin ya yi kama da sake jinkar ɗaki a tsakiyar damina, masu ɗakin suna ciki.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana dalilin da ya sa ake wannan aiki, da hanyoyin da ake bi wajen yin sa, da irin asarar da akan yi in an yi shi da garaje ko kuma an ƙi yin sa sam.

2.0 Rumbun Bayanai da Manhajarsa

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin rajista na ma'aikata ya riga ya san rabin wannan ilimi. A can akwai fayiloli jere cikin kabad, akwai kuma akawu wanda ya san inda kowane fayil yake, shi ke fitarwa, shi ke mayarwa, shi ke rubuta sunan wanda ya karɓa, shi ne kuma ke hana wanda ba shi da izini taɓawa. Fayilolin su ne rumbun bayanai. Akawun kuwa shi ne manhajar kula da rumbu. Bambanta waɗannan abubuwa biyu yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da ake sabuntawa shi ne akawun, fayilolin kuwa ana so su isa hannun sabon akawu kamar yadda suke.

A yawancin rumbunan wannan zamani akan tsara bayanai ne cikin jadawali, kowane layi na mutum ɗaya ko abu ɗaya, kowane gurbi kuma na wata siffa tasa, kamar suna ko ranar kama aiki. Manhajar tana da manyan ayyuka huɗu. Tana amsa tambaya, alal misali a ce ta fito da sunayen duk waɗanda za su yi ritaya a bana. Tana tsara fihirisa domin a sami abu da sauri ba sai an bi layi miliyan ɗaya bayan ɗaya ba. Tana tabbatar da cewa aikin da aka soma ko dai ya kammala gaba ɗaya ko kuma a soke shi gaba ɗaya, don kada a cire kuɗi daga asusun wani a kasa sa su a asusun wanda aka aika wa. Sa'an nan tana tantance wanda ke da ikon karantawa da wanda ke da ikon canzawa.

3.0 Asalin Manhajojin da Yadda Suke Fitowa Bugu-Bugu

Wannan fanni ya haura shekara hamsin. A shekarar 1968 kamfanin IBM na Amurka ya soma aiki da wata manhaja mai suna IMS, wadda aka ƙirƙira domin lissafin ɗimbin kayayyakin da ake harhaɗa kumbon Apollo da su. A 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai aiki a wannan kamfani, Edgar Codd, ya fito da ra'ayin tsara bayanai cikin jadawali masu dangantaka da juna, wanda shi ne ginshiƙin yawancin manhajojin yau. Daga nan aka sami harshen tambaya da ake kira SQL. Oracle ta shiga kasuwa a 1979. A 1986 aka soma aikin Postgres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarƙashin Michael Stonebraker, wanda ya koma PostgreSQL a 1996. MySQL kuwa ta fito ne daga ƙasar Suwidin a 1995.

Kowace daga cikin waɗannan manhajoji tana fitowa ne bugu-bugu, kamar yadda littafi ke da bugu na farko da na biyu. Bugun iri biyu ne. Akwai ƙaramin bugu, wanda gyaran kurakurai ne kawai da toshe kafofi, bai taɓa yadda bayanai suke kwance a kan faifai ba. Misalinsa shi ne yaɓen da manomi kan yi wa rumbunsa kafin damina. Akwai kuma babban bugu, wanda kan zo da sababbin dabaru, ya watsar da wasu tsofaffi, sau da yawa kuma ya canza tsarin ajiyar kanta. Wannan kuwa gina sabon rumbu ne, dole a kwashe hatsi daga tsohon a zuba a sabon.

Masu manhaja ba sa ɗaukar nauyin tsohon bugu har abada. Masu PostgreSQL kan fitar da babban bugu sau ɗaya a shekara, su kula da shi shekara biyar, sa'an nan su saki. Bugu na 9.6, alal misali, ya fito a 2016, aka daina kula da shi a watan Nuwamba na 2021. Haka nan MySQL 5.7 ya fito a 2015, wa'adinsa ya cika a watan Oktoba na 2023. Bayan cikar wa'adi manhajar ba ta mutuwa, tana ci gaba da aiki kamar jiya. Abin da ya ƙare shi ne gyara: duk aibin da aka gano daga ranar, mai ita shi kaɗai zai ji da shi.

4.0 Dalilan Sabuntawa

Dalili na farko shi ne tsaro. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ranar 25 ga watan Janairu, 2003, wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka laƙaba wa suna Slammer ta bazu a duniya ta wata kafa da ke jikin manhajar SQL Server 2000 ta kamfanin Microsoft. Cikin kimanin minti goma ta kama na'urori wajen 75,000, ta cushe hanyoyin sadarwa, har intanet ta durƙushe a Koriya ta Kudu na tsawon sa'o'i, dubban na'urorin cirar kuɗi kuma suka tsaya a Amurka. Abin lura a nan shi ne, kamfanin ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Yuli na 2002, watau wata shida kafin aukuwar abin. Waɗanda abin ya ci, maganin yana nan, shafawa ce ba su yi ba. To, in wannan ne halin wanda aka ba faci ya yi sakaci, ina ga wanda bugunsa ya fita daga wa'adi, babu ma facin da zai zo masa?

Dalili na biyu shi ne iyaka. Kowane tsohon tsari yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma ba kullum yake yin ƙara in ya cika ba. A tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa lissafin mutum 15,841 waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona. Dalili kuwa shi ne an riƙa tattara sakamakon ne cikin tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536, alhali sabon samfurin, wanda ya fito tun 2007, yana ɗaukar fiye da layi miliyan. Da fayil ya cika, sauran sunaye suka zube a waje ba wanda ya sani, aka yi kwanaki ba a nemi mutanen da suka cuɗanya da su ba. Gaskiya ne Excel ba cikakkiyar manhajar rumbu ba ce, amma darasin ɗaya ne.

Dalili na uku shi ne cewa manhajar rumbu ba ita kaɗai take zaune ba. Tana kan wata babbar manhaja mai tafiyar da na'ura, wasu manhajoji kuma suna kanta, kamar ta biyan albashi da ta rajistar ɗalibai. In waɗannan suka ci gaba ita ta tsaya, ranar da za su daina fahimtar juna tana tafe. Daɗin daɗawa, masanan da suka san tsohon bugu suna yin ritaya, matasan da ke tasowa kuwa sabon suka koya.

Dalili na huɗu shi ne, jinkiri yana ƙara tsawon tafiya. Ba kowace manhaja ke yarda a tsallake bugu ba. Wanda ke kan MySQL 5.6 ba shi da hanyar da aka amince da ita ta zuwa 8.0 kai tsaye, sai ya bi ta 5.7. Ke nan wanda ya ƙi aiki ɗaya a kan kari, zai yi biyu a ƙurarren lokaci.

5.0 Abin da ke Sa Aikin Wuya

Mai sauraro zai iya tambaya, in haka ne me ya sa hukumomi da kamfanoni ke jan ƙafa? Amsa ita ce tsoronsu yana da tushe. Sabon bugu yakan zo da sabon hali, kuma manhajojin da aka rubuta shekara goma da suka wuce an gina su ne bisa halin tsohon.

Ga misalai daga MySQL 8.0, wanda ya fito a watan Afrilu na 2018. A cikinsa an keɓe wasu kalmomi sun zama na harshen manhajar kanta, ciki har da kalmar RANK. A Turanci wannan kalma tana nufin muƙami, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar an sa ta a matsayin sunan gurbi a jadawalin ma'aikata. Tambayar da ta yi shekaru tana aiki lafiya sai ta wayi gari manhaja ta ƙi karɓarta, sai an bi an gyara rubutunta. Har ila yau, tsohon bugu yakan jera sakamako da kansa in an ce ya tattara bayanai rukuni-rukuni, sabon kuwa ya daina sai an umarce shi. Rahoton da aka saba gani a jere sai ya fito a hargitse. An kuma canza hanyar tantance kalmar sirri, ta yadda wasu tsofaffin manhajoji suka kasa shiga rumbun sam.

Akwai kuma matsalar sauri. A cikin kowace manhajar rumbu akwai wani sashe mai zaɓen hanyar da za a bi a amsa tambaya, yana dogara da ƙididdigar da ya tara game da yawan layuka da yanayinsu. In aka sabunta, wannan sashe yakan canza shawara. Galibi sabuwar shawarar ta fi kyau, amma a cikin tambaya dubu akan sami ɗaya wadda da take ɗaukar daƙiƙa guda, yanzu ta koma minti goma. In aka yi rashin sa'a wannan ɗayar ita ce ta lissafin albashi, to ranar biya za a ji a jika.

Babbar wahalar kuwa ita ce komawa baya. Da zarar MySQL 8.0 ta karɓi fayilolin 5.7 ta sauya musu tsari, tsohon bugu ba zai sake iya karanta su ba. Wanda bai tanadi hanyar ja da baya tun kafin ya soma ba, ya ƙone gadarsa da hannunsa.

6.0 Hanyoyi Uku na Sabuntawa

Hanya ta farko ita ce kwashewa da zubawa. Akan sa tsohuwar manhaja ta rubuto duk abin da ke cikin rumbu a wani babban fayil, sa'an nan a ba sabuwar ta karanta ta sake gina jadawali da fihirisa tun daga tushe. A PostgreSQL kayan aikin da ke wannan shi ne pg_dump. Wannan hanya ta fi sauƙin fahimta, tsohon rumbu kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Aibinta shi ne lokaci: dole a rufe ƙofa tun daga fara kwasa har ƙare zubi, domin duk abin da aka rubuta a tsohon bayan an fara kwasa ba zai isa sabon ba. Ƙaramin rumbu zai ƙare cikin sa'a guda, babba kuwa yana iya cin kwanaki.

Hanya ta biyu ita ce sabuntawa a inda ake. A nan ba a kwashe bayanan, sai dai a sake wa rumbun littafin da ke bayyana tsarinsa, sabuwar manhaja ta gaji fayilolin kamar yadda suke. Kayan aikin PostgreSQL na wannan shi ne pg_upgrade, kuma yana da wata dabara ta haɗa sabon rumbu da fayilolin tsohon ba tare da kwafe su ba, wadda kan gama aiki cikin mintoci ko da rumbun babba ne. Sai dai sauri yana da farashi. Da zarar an tayar da sabuwar manhaja a kan waɗannan fayiloli, ba a amince a sake tayar da tsohuwar a kansu ba. Kafin bugu na 18, wanda ya fito a 2025, wannan kayan aiki ba ya ƙetarar da ƙididdigar da aka ambata a sama, don haka wajibi ne a sa manhaja ta sake tara ta kafin a buɗe wa jama'a, in ba haka ba sai rumbu ya yi ta rarrafe.

Hanya ta uku ita ce bin sawu. Akan kafa sabuwar na'ura mai sabon bugu a gefe, a kwafa mata abin da ke akwai, sa'an nan a sa ta riƙa karɓar duk wani canji da aka yi a tsohuwar nan take. Tsohuwar ita ce jagora, sabuwar mabiyiya. In mabiyiya ta kamo jagora daidai wa daida, sai a dakatar da rubutu na ɗan lokaci, a juya akalar aiki zuwa gare ta. Tsayawar aiki a nan ba ta wuce daƙiƙoƙi ko mintoci. Amma ita ce mafi tsada, domin tana bukatar na'urori ninki biyu da ƙwararrun ma'aikata.

Babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Makarantar da za ta iya rufe rajista daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, hanya ta farko ta ishe ta. Banki ko asibiti kuwa, inda dare da rana duk ɗaya ne, sai ta uku.

7.0 Haruffan Hausa a Cikin Rumbu

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, don haka kowane rumbu yana da tsarin da ke cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. Tsarin da MySQL ke ɗauka da kanta har zuwa bugu na 5.7, in ba a zaɓa mata wani ba, shi ne latin1, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa, balle ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar. Tsarin Unicode, wanda ya fito tun farkon shekarun 1990, shi ne ya ba kowane ɗayansu lambarsa, kuma bugu na 8.0 ya mayar da wani nau'insa mai suna utf8mb4 ya zama shi ne na asali.

Wannan ci gaba ne, amma wajen ƙetarawa ake yin ɓarna. A da, masu buga Hausa sun yi dabarar amfani da wasu haruffan bugawa na musamman waɗanda ke aron gurbin wasu alamomi su nuna harafi mai ƙugiya a wurin. A kan allo mutum yana ganin ƙasa da ɗaya, amma abin da ke ajiye a ciki shi ne }asa da ]aya. In aka kwashe irin wannan rumbu zuwa sabon tsari ba tare da an bi an musanya alamomin ba, haka za su fito tsirara. In kuma aka yi kuskuren bi da rubutun Unicode ta cikin tsarin da bai san harafin ba, sai ya maye gurbinsa da alamar tambaya, kuma daga nan ba a iya gane ko ƙ ce ta ɓata ko ɗ. Ga harshen da ƙugiya kaɗai ke raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ɗanladi wanda sunansa ya lalace a jadawali, in aka nemi sunan ba za a same shi ba, kuma wanda ba a samu ba ba a biyansa.

Bayan wannan akwai ƙa'idar jeranta haruffa, watau wane harafi ke gaban wane. Fihirisar sunaye an gina ta ne bisa wannan ƙa'ida. A 2018 aka fitar da bugu na 2.28 na glibc, wani ginshiƙi na manhajar Linux wanda PostgreSQL kan dogara da shi wajen jeranta rubutu, aka kuwa yi wa ƙa'idar babban gyara. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu ba su sake gina fihirisa ba, sai manhaja ta riƙa neman suna a inda sabuwar ƙa'ida ta ce yake, alhali tsohuwar ta ajiye shi a wani wurin. Sunan yana nan a rumbu, amma amsa ta dawo cewa babu shi. Saboda haka duk mai gwada sabon rumbu a ƙasar Hausa ya kamata ya sa sunaye irin su Ƙanƙara da Ɗanbatta cikin abin da zai fara nema.

8.0 Darussa Daga Wurare Uku

Kamfanin GitHub, inda miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya ƙaura daga MySQL 5.7 zuwa 8.0, ya kuma bayyana yadda ya yi a ƙarshen 2023. Na'urorinsa sun haura 1,200, bayanan sun fi terabayit 300, ana kuma yi musu tambaya kimanin miliyan biyar da rabi a kowace daƙiƙa. Aikin ya ci fiye da shekara. Tun da fari sun riƙa gwada kowane sabon rubutu nasu a kan bugu biyun a lokaci guda. Sa'an nan suka sabunta mabiya ɗaya bayan ɗaya, suna sakar musu aiki kaɗan-kaɗan suna lura. Sai a ƙarshe suka sauya jagora, kuma ko a nan sun bar wasu na'urori masu tsohon bugu suna bin sawun sabon jagoran, domin in abu ya ɓaci a koma. Duk da wannan shiri, sai da wasu manyan tambayoyi da suka wuce gwaji lafiya suka kayar da manhajar a fagen aiki na gaskiya. Abin da ya cece su shi ne ɓarnar ba ta taɓa wuce ɗan yankin da aka soma da shi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kamfanin GitLab kuwa darasinsa na kwafin ajiya ne. A ranar 31 ga watan Janairu, 2017, wani ma'aikacinsa ya goge bayanai kimanin gigabayit 300 daga babbar na'ura bisa kuskure, yana zaton a kan mabiyiya yake. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar babu komai. Rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, amma kayan aikin da ke ɗaukar kwafin na bugu 9.2 ne, don haka kullum sai ya ƙi aiki, saƙon da ke sanar da gazawar kuma ba ya isa ga kowa. Da wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'a shida kafin nan aka farfaɗo, abin da aka rubuta cikin waɗannan sa'o'i shida kuwa ya tafi. An sabunta rumbu an manta da abin da ke kewaye da shi. Kwafin da ba a taɓa gwada mayarwa ba, zato ne kawai ake yi akwai shi.

Na uku shi ne bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilu na 2018 ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa miliyan 5.2 daga tsarin bankin Lloyds zuwa wani sabon tsari na bankin Sabadell na ƙasar Sifen, wanda ya saye shi, kusan duka a ƙarshen mako guda. Bayanan sun ƙetara lafiya, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar nauyin jama'a. Mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, wasu suka ga asusun da ba nasu ba, 'yan damfara kuma suka sami kasuwa. Al'amura ba su daidaita sosai ba sai a watan Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba na wannan shekara, asarar ta kai kimanin fam miliyan 330, a 2022 kuma hukumomin kula da harkar kuɗi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Wannan ya fi sabunta bugu girma, domin sauya tsari ne ɗungurungum, amma ya nuna abin da kan faru in an tsallaka gaba ɗaya ba tare da isasshen gwaji ko hanyar komawa ba. Masu ajiya a Nijeriya ma sun ɗanɗana irin wannan a 2024, sa'ad da wasu manyan bankuna suka sauya manhajojinsu, aka yi kwanaki ana fama da tura kuɗi.

9.0 Haƙƙin Shugabannin Ma'aikatu

Kuskure ne a ɗauka wannan aiki na masana kwamfuta ne su kaɗai. Tun da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, aka kuma ƙaddamar da lambar BVN ta bankuna a 2014, rumbun bayanai ya zama dukiyar jama'a kamar hanya da asibiti. Babban sakatare ko magatakardan jami'a ba sai ya iya harshen SQL ba, amma akwai tambayoyin da ya wajaba ya yi kafin ya sa hannu.

Wane bugu ake kai yanzu, kuma yaushe wa'adinsa zai cika? Yaushe aka yi gwajin mayar da kwafin ajiya na ƙarshe, kuma sa'a nawa ya ɗauka? An gwada sabuntawar a kan cikakken kwafi mai girman na gaskiya, ko kuwa a kan ɗan samfuri? An kwatanta yawan layuka da jimillar kuɗi na tsohon rumbu da na sabon, sun yi daidai? In abu ya ɓaci, wa ke da ikon cewa a koma baya, kuma zuwa ƙarfe nawa? A ƙarshe, wace rana aka zaɓa? Ba a sabunta rumbun albashi a makon biya, ba a kuma taɓa na ɗalibai ana tsakiyar rajista. Haka nan ya kamata a tanadi wutar lantarki wadda ba za ta yanke ba, domin aikin da ya katse a tsakiya ya fi wanda ba a soma ba haɗari.

Akwai kuma batun kasafin kuɗi. An saba ware kuɗin sayen sabon tsari, a yi bikin buɗewa, a manta da kuɗin kula da shi. Tun da an san wa'adin kowane bugu shekaru kafin ya cika, babu hujjar a ce abin ya zo ba zato. Ba a fafe gora ranar tafiya.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa haɗari yana ɓangare biyu. Wanda ya zauna a kan tsohon bugu yana jiran ranar da za a shigo masa ta kafar da ba mai toshewa, ko ranar da rumbunsa zai cika ya riƙa zubarwa a ɓoye. Wanda ya yi tsalle ba shiri kuma yana iya rasa a dare ɗaya abin da aka shekara ashirin ana tarawa. Mafita ita ce a mayar da sabuntawa aikin yau da kullum: a riƙa shafa ƙananan gyare-gyare da zarar sun fito, a hau babban bugu tun wa'adin na hannu bai ƙure ba, a gwada a kan kwafi kafin a taɓa na gaskiya, a kuma bar ƙofar komawa a buɗe har sai sabon ya yi cikakken zagayen aiki, ya biya albashin wata ko ya fitar da sakamakon zango ba tare da tangarɗa ba.

Ɗaliban da ke karatun wannan fanni su ne za su gaji rumbunan da ake ginawa yau, kuma za su same su sun tsufa. Abin da zai sauƙaƙa musu shi ne in waɗanda ke riƙe da su yanzu sun rubuta bugun da suke kai, da tsarin haruffan da suka zaɓa, da dalilin kowace dabara da suka yi, sun ajiye a inda na baya zai gani.